Gwanayen Awon Damtse

Ranar awon yara a ƙaramin asibitin ƙauye, tun kafin hantsi ya dubi ludayi tabarmi sun cika a gindin darbejiya. Mata ne da goyo, wasu sun tako a ƙasa tun asuba, wasu a kan amalanke suka iso. Ga sikeli rataye a reshe, ga allon awon tsayi, ga ƙaton littafin rajista. Amma duk lokacin da na zauna a irin wannan wuri, abin da ke ɗauke mini hankali shi ne wani ɗan tef da malamar asibiti ke ratayawa a wuya kamar tela. Tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, faɗinsa kamar na ɗan yatsa, launinsa uku: ja, rawaya, kore. Da a hanya ka gan shi, ba za ka sunkuya ka ɗauka ba. To da shi ake rarrabe yaron da za a sallama da shawara kawai da wanda in an bar shi haka ba lalle ya kai kaka ba.

Dubi hannun malamar. Takan sa uwa ta zaunar da yaron a cinya, a tuɓe masa riga. Ta kama hannunsa na hagu ta lanƙwasa, ta laluba da yatsa ta sami ƙashin kafaɗa, ta sami tsinin gwiwar hannu, ta raba tsakaninsu biyu. Nan ne wurin awo. Sai ta sauke hannun ya saki jiki, domin damtsen da aka ɗaure ƙarya yake yi. Ta zagaya tef, ta zura bakinsa ta 'yar kafar da aka yi masa, ta ja. A wannan jan gwaninta take. In ta matse, fata ta tattare, ta ɗora wa yaro ciwon da ba ya da shi. In ta yi sako-sako, wanda yake bakin rami ya tsallake, a mayar da shi gida da murna. Abin da ake so tef ya kwanta luf a kan fata, bai nutse ba, bai bar hanyar iska ba. Daga nan ta duƙa har idonta ya yi daidai da 'yar tagar da lamba ke fitowa, ta karanta, ta faɗa da ƙarfi mai rubutu ya ji. Duk wannan bai wuce minti guda ba, alhali yaron yana tsala ihu yana fizge-fizge, uwarsa tana ta rarrashi.

Ma'aunin na yaro ne daga wata 6 zuwa wata 59. Ƙasa da milimita 115, ja ke nan, tamowa mai tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya, an kama hanya. Daga 125 zuwa sama kore. Don ka gane girman milimita 115, haɗa babban yatsanka da manuniya ka yi zobe: irin wannan damtsen zai shige ciki har da saura.

Me ya sa damtse, ga sikeli a rataye? Domin nauyi shi kaɗai ba ya cewa komai sai an haɗa shi da shekaru ko da tsayi, kuma a ƙauyukanmu shekarun yaro sai dai a lissafa da Sallah ko da damina. Allon tsayi kuwa sai mutum biyu sun danne yaro, sannan a koma kan jadawali a yi lissafi. Damtse ya hutar da kowa. Tsakanin shekara ɗaya da biyar kaurinsa kaɗan yake ƙaruwa, saboda haka ko ba a san ranar haihuwa ba awon zai yi aiki. Sannan idan abinci ya gaza, jiki kansa yake ci, ya cinye kitse ya koma kan tsoka, damtse kuwa wuri ne da ɓarnar ke bayyana da wuri. Masu bincike sun daɗe da gano cewa a cikin ma'aunan nan shi ne gwanin nuna yaron da ya fi kusa da mutuwa.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan sha'ani dai ido ya sha kunya. Akwai yaron da za a kawo kumatu cike, ƙafafu luhu-luhu, kakarsa tana alfahari jikanta ya yi ƙiba. Malamar ba ta gardama. Takan kama ƙafafun biyu, ta ɗora manyan yatsunta a bayan kowace ƙafa, ta danna a hankali, ta ƙirga ɗaya, biyu, uku, ta ɗaga. In gurbin yatsa ya tsaya a duk ƙafafun kamar an danna tuwo mai ɗumi, ruwa ne ya taru, kuma wannan yaron ko tef ya nuna kore, yana sahun masu tsanani. Sikeli ma zai iya yaudarar mutum a kansa, tunda ruwan nauyi ne da shi.

Wannan nau'in mai kumburi, a ƙasar Gana aka fara bayyana shi ga likitocin duniya. Wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, ita ta rubuta bayaninsa a 1933 lokacin tana aiki a can, a 1935 kuma ta kira shi da sunan da ta ji a bakin mutanen Ga na Ankara, wato kwashiyoko, ciwon yaron da aka ture daga nono saboda ƙane ya taho. Bahaushiya ba ta bukatar a fassara mata wannan, ta san kwanika, ta san yadda yaron da aka yaye babu shiri kan lalace. Abin da nake yaba wa Williams shi ne ta saurari matan gari a zamanin da likitan Turawa ba ya ganin akwai ilimi a bakinsu.

Shi ma tef ɗin da tarihinsa, kuma Nijeriya na ciki. Lokacin yaƙin Biyafara, ma'aikatan agaji na ƙungiyar Kiristoci ta Quaker sun yi amfani da wata sanda da ake gwada tsayin yaro da kaurin damtsensa, don a tantance masu yunwa da sauri cikin cincirindon jama'a. A 1974 wani likitan yara na Bagadaza, Adnan Shakir, tare da David Morley, Baturen Ingila da ya yi shekaru yana aikin yara a Ilesha, suka fito da dabarar launuka uku, yadda ko wanda bai iya karanta lamba ba zai iya awo. Iyakar ja a da milimita 110 ce. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ɗaga ta zuwa 115, don a riƙa kama yaran tun da sauran ƙarfi.

Mai karatu zai iya cewa to ina ruwan wannan da raya ƙasa, da ake ta taro a kai a manyan otal-otal? Da daɗewa su kansu masu tsara ayyukan ci gaba haka suka ɗauka. Tituna, madatsun ruwa da masana'antu su ne aiki, abinci kuwa sadaka ce da ake rabawa in fari ya faɗo. Cikin abubuwan da suka juya musu tunani akwai wani bincike a Guwatamala. Daga 1969 zuwa 1977 an riƙa ba yara a wasu ƙauyuka wani irin kunu mai gina jiki, a wasu ƙauyukan kuma abin sha mai zaƙi kawai. Bayan shekaru masu yawa aka bi sawunsu sun zama magidanta. Mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu, ladan aikinsu ya fi na sauran da kusan kashi 46 cikin ɗari. Daga irin waɗannan hujjoji aka sami maganar kwana dubu na farko, wato daga shigar ciki har yaro ya cika shekara biyu, lokacin da ƙwaƙwalwa da ƙashi ke ginuwa, wanda in ya wuce gyaran na da wuya. Mujallar likitoci ta Lancet ta tattara hujjojin a 2008, a 2013 kuma ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 45 cikin ɗari na mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar na da nasaba da ƙarancin abinci mai gina jiki. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara muradun ci gaba a 2015, kawar da yunwa da tamowa shi ne na biyu a jeri. Duk wannan a takarda yake. A ƙasa kuwa ba wanda zai amfana sai an sami hannun da ya iya jan tef.

Gano yaron ma somin taɓi ne. Wurin da na fi jinjina wa masu wannan aiki shi ne ɗakin da ake kwantar da waɗanda abin ya ci ƙarfinsu, domin a can duk abin da tausayi ya ce ka yi, shi ne zai iya kashe yaron. Ka ga ƙashi da fata, zuciya ta ce ɗura masa madara da nama da ƙwai. Ka ga idanu sun faɗa, ta ce a ƙara masa ruwa ta jijiya. Ka ga tafin hannu fari fat, ta ce ba shi maganin ƙarin jini. Gwanar ma'aikaciya ta san jikin da ya daɗe cikin yunwa ya rage wa kansa wuta kamar murhun da aka janye wa itace: zuciya ta yi rauni, hanta da ƙoda sun yi sanyi, hanji ya yi laushi. Ruwan jijiya in ya yi yawa zuciyar ba za ta iya ɗauka ba, don haka ba a sa shi sai yaro ya kai gargara. Abinci mai nauyi farat ɗaya yana birkita gishirin jini. Sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin ƙarin jini, a kwanakin farko ƙwayoyin cuta yake ƙara wa ƙarfi. Saboda haka sai a fara da wata siririyar madara da ake kira F-75, kalori 75 a kowace mililita 100, kaɗan-kaɗan a kofi, kowace awa biyu ko uku, dare da rana. A lulluɓe yaron, ko a manna shi a ƙirjin uwarsa, domin sanyin asuba kaɗai kan iya tafiya da shi. A ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ko da jikinsa ba zafi, tunda jikin da ya kai haka ba ya ma da ƙarfin yin zazzaɓi. Sai kumburi ya fara saɓewa, yaro ya fara neman abinci da kansa, sannan a ƙara masa. Ranar da ya yi murmushi, ma'aikatan ɗakin kan yi wa juna albishir.

Wannan haƙuri an biya shi da tsada kafin a koye shi. Har cikin shekarun 1990, a asibitoci da yawa na ƙasashe masu tasowa yaro 2 zuwa 3 cikin kowane 10 da aka kwantar da tamowa mai tsanani ba ya fita da rai, kuma adadin ya shafe shekaru da dama bai sauka ba.

Madarar kanta da matsalarta. Gari ce, sai an dama da ruwa, in ruwan ba tsabta ta zama guba, in ta jima a kwano ta lalace. Dole ke nan a yi ta a asibiti, uwa ta zauna jinya wajen wata guda, ta bar gona da miji da sauran 'ya'ya. Mace nawa ce za ta iya, musamman da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, noma ya kankama, zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka taso wa yara? A 1996 wani likitan Faransa, André Briend, da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset suka warware ƙullin. Suka haɗa markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, suka ƙulle a 'yar leda mai nauyin giram 92, kalori 500. Ba ruwa a ciki, don haka ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin zama. Ba dahuwa, ba firiji, yana kai shekara biyu bai lalace ba. Shi ne Plumpy'Nut. Duk wanda ya tashi a gidan da ake matsar mai ana soya ƙuli-ƙuli, in ya lasa zai ji kamar ya san shi. Wani likita ɗan Birtaniya, Steve Collins, ya ɗauki dabarar ya gwada jinyar yara a gidajensu a Habasha da Malawi tun daga shekarar 2000, duk da manyan masana na ganin ganganci ne.

A ƙasar Hausa aka yi babbar jarrabawar. Fari da fara sun ɓata daminar 2004 a Nijar, gero ya yi tashin gwauron zabi, a 2005 jihar Maraɗi, wadda ake wa kallon rumbun ƙasa, ta cika da yara masu tamowa. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, da gidajen rediyo ke kira Na Gari Na Kowa, ta yi wa yara sama da 60,000 magani a faɗin Nijar a wannan shekara, akasarinsu a gida, uwa na zuwa karɓar rabo mako-mako, kuma kimanin 9 cikin 10 suka warke. Kafin lokacin ba a taɓa yin irin wannan adadi ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya suka amince da tsarin a hukumance. Nijeriya ta fara shi a 2009 a jihohin Gombe da Kabi. Katan ɗaya mai leda 150 kan ishi yaro guda, cikin mako shida zuwa takwas.

To wa zai tafi gida, wa za a kwantar? A nan ma ba na'ura ke yanke hukunci ba. Malamar kan janye uwa da ɗa gefe, inda ba hayaniya, ta sa a wanke hannu, ta yage bakin leda ta miƙa, ta ajiye kofin ruwa kusa. Za ka ji tana cewa, "Maman yaro, kada ki ɗura masa, bar shi ya lasa da kansa." Sai ta koma nesa kaɗan tana kallo ta gefen ido. Yaron da ya karɓa ya ci gwargwadon abin da aka ƙayyade wa nauyinsa, cikinsa na aiki, gida zai tafi da rabonsa da maganinsa. Wanda ya kau da kai, ya ƙi ko lasa, to akwai abin da ke cin sa a ciki, sai gado. Gwaji ne da ba ya son gaggawa. Wani yaron tsoron baƙin fuska ne ya hana shi, in an ba shi rabin sa'a sai ka ga ya cinye yana neman ƙari.

Sai kuma aikin baki, wanda ba a cika koyar da shi a makaranta ba. Sau da yawa mai iko da cikin yaro ba uwarsa ba ce, kakarsa ce, ita ce ta ce a zubar da dakashi, ita ce ta ce jariri sai da ruwa a wannan zafi. Malamar da ta san aikinta ba ta ce wa tsohuwa ta yi kuskure a gaban surukarta. Takan russuna ta ce, "Inna, ku ne manya, ke zan damƙa wa amanar jikan nan." Daga nan ta shigo da batun nono zalla har wata shida, da yadda za a kaurara kunu da gyaɗa da waken suya da garin zogale, a fasa ƙwai in da hali. Ta nanata cewa abin da ke cikin ledar nan magani ne, na mutum ɗaya ne. Ta san sarai a gida akwai yayye biyu ko uku da za su tsaya suna kallo. Ni kam ban iya ganin laifin uwar da ta lakata wa sauran 'ya'yanta ba. Wanda nake ganin laifinsa shi ne mai karkatar da katan-katan zuwa kasuwa, ya sayar wa ƙarti suna shafa wa burodi.

Mataki na ƙarshe shi ya fi burge ni, domin ba kasafai gwani ke yarda ya raba gwanintarsa ba. A gundumar Miriya ta jihar Damagaram, ƙungiyar ALIMA da takwararta ta 'yan Nijar, BEFEN, suka ce me zai hana a ba uwa tef ɗin ta tafi da shi gida, tunda ita ke ganin yaron kullum? Tsakanin 2013 da 2014 suka koya wa dubban mata, galibinsu ba su yi boko ba, suka kwatanta aikinsu da na ma'aikatan lafiya na ƙauye. Matan ba su gaza ba. Yaran yankinsu ma sun riƙa isowa asibiti da wuri, kaɗan ne aka kwantar. Yanzu ƙasashe da dama sun ɗauki wannan hanya. Abin da ya fara a hannun likita ya sauko hannun malamar asibiti, ya sauko hannun 'yar sa-kai mai bi gida-gida, yau ga shi a ƙarƙashin matashin matar ƙauye.

Ba na cewa tef da leda sun gama magana. Yaron da ya warke, rijiyar da ta sa shi gudawa ita zai koma sha, rumbun da ya ƙare bai cika ba don an sallamo shi, kuma manomin da 'yan bindiga suka hana shiga gona ba shawara yake nema ba. Ga shi kuɗin ma na baƙi ne akasari. Da gwamnatin Amurka ta rushe hukumar agajinta ta USAID a 2025, cibiyoyi da yawa sun ji a jikinsu. Gyaɗar tamu ce, ana ma haɗa maganin a Yamai da Legas, abin kunya ne a ce sayensa sai mun jira wani ya tausaya. Gwamnonin da ke rabon motoci, katan nawa mota ɗaya za ta saya?

Kafin su amsa, ga abin da ke hannunmu. In a gidanku akwai yaro tsakanin wata shida da shekara biyar, ranar da aka je rigakafi a roƙi malamar asibiti ta nuna yadda ake awon, in akwai tef a karɓo. A riƙa aunawa a kai a kai, musamman da damina da bayan ƙyanda ko gudawa. In ya nuna ja, ko aka danna ƙafafu biyu suka lotsa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa.